Rijiyar da Na Haƙa a Gindin Shato

Tun da na dawo Dakoro, duk wanda ya gamu da ni a kasuwar dabbobi tambayarsa ɗaya ce: "Sha'aibu, mi ya koro ka daga Faransa?" Ni kuma sai in ce ƙaddara. Daga baya na zauna na yi tunani, na ga amsar nan rabin gaskiya ce, ina kuma tsoron kada a rubuta mini ita cikin ƙarya. Shi ya sa na sayi kaye, littafin rubutu, da biro, zan faɗi abin yadda ya faru. Lakwal ɗina, wato boko, a aji shida ta tsaya, wanda ya ga kuskure ya yafe mini.

Ba zan tsaya kan yadda na bar gida ba. Fari ya ƙarar da tumakinmu, Baba ya rasu, ni ne babba. Abu ɗaya na ɗauka nasa, farin rawaninsa, Inna ce ta naɗe shi ta sa mini a ƙasan jaka.

Kwana biyu da barin Agadas, cikin hamada, muka gane bidon ruwan da aka sayar mana tsohon bidon man mota ne. Ruwan yana ƙona maƙogwaro, amma shi muka sha. A bayan motar nan na san Agali, mutumin Tagris, dogo, mai dariya ko ana cikin masifa. Shi ya lura ba na buɗe baki sai da "idan". Idan taya ta fashe fa? Idan direba ya ɓata hanya fa? Idan alwalar da na yi da ruwan nan ba ta yi ba fa?

"Kai, Malam Idan," in ji shi, "ka bari mu mutu sau ɗaya mana. Tun daga Agadas ka kashe mu sau goma."

Sunan nan ya bi ni har bakin teku.

Wata takwas muka yi a Libiya muna ɗaukar bulo. Mutumin da ya shirya mana ƙetarewa ya nuna mana hoton jirgi a salularsa, fari, mai bene, har da kujeru. Sau uku na tambaye shi ko shi ne za mu shiga, sau uku ya rantse. Da muka isa gaɓa sai muka tarar da roba ce da aka hura da iska. Kwana biyun da muka yi a kanta ba zan iya rubuta su ba. Abin da zan ce kawai, ni da na girma ina bin ruwa da guga da igiya, na ga ruwa ta kowane gefe har ƙarshen ido, ƙishirwa kuma tana neman kashe ni. Agali ya riƙe mini wuyan riga har jirgin ceto ya zo.

A Italiya muka tsinki tumatir damina guda. Agali ya ce shi ya gaji, nan zai tsaya. Ni kuwa ina jin Faransanci ko da kaɗan ne, na ce gara in je inda zan gane abin da ake faɗa a kaina. Na tsallaka duwatsu a ƙafa, na isa Pari, babban birnin Faransa, na yi wata uku a ƙarƙashin gada. Sanyin can yana shiga har cikin haƙora. Wani lokaci in rufe ido in ji ƙamshin furar Inna, in buɗe in ga tantabaru suna cin shara a gefen kwalin da nake kwance. Akwai wata mata da ke raba mana miya kullum da rana. Kullum sai na tambaye ta ko akwai alade a ciki, har ta haddace ni, tun kafin in buɗe baki sai ta ce babu. Ni dai ban taɓa ganin dabbar nan da idona ba sai a hoton littafin lakwal, amma tsoronta na tare da ni. Matar nan ce wata rana ta tambaye ni aikin da na iya. Na ce kiwo. Ta ce ta san wani tsoho a ƙauye da ya rasa mai taya shi.

Sunansa Mushe Rene, mushe irin wanda muke ce wa malaman lakwal. Gajere ne, mai jan fuska, yana tari sosai. Ya ɗauke ni daga tashar jirgin ƙasa, tun a cikin mota ya faɗa mini sharaɗi.

"In ka cika shekara tare da ni, zan sa hannu a takardar aiki, da ita za ka nemi izinin zama. Amma ka ji da kyau. Kafin nan kada sunanka ya shiga bakin jandarma. Ko sau ɗaya. In suka tambaye ka takarda, ni ba ni da abin da zan iya yi maka."

Na ce na ji. Na maimaita maganar a zuciyata har muka isa.

"Tumakin a shato za ka zauna da su," in ji shi.

Wallahi raina ya yi fari. A wurinmu kowa ya san shato, babban tankin ruwan nan da ke bisa dogayen ƙafafu, wanda ake hangowa tun kafin a shiga gari. Na ce a raina, Allah Ya yanke mini wahalar ruwa, kiwo a gindin shato! Muka tsaya a bayan wani ƙaramin ƙauye, muka hau wani tudu mai ciyawa. Na duba gabas, na duba yamma.

"Mushe, ina shaton?"

"Kana tsaye a kansa."

"To ina ruwan?"

Ya dube ni, sannan ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce a ƙasarsu shato gidan sarki ne na zamanin da, na ruwan aron suna aka yi masa. Ruwan tumaki shi yake kawowa a tanki bayan motarsa, duk kwana biyu. Gidansa yana wani ƙauye can da nisa. Ni ya aje mini wani ɗan ɗaki mai taya a gefen tudun, da buhun shinkafa, da shebur na kwasar taki.

Wadda ta sanar da ni wurin ita ce Madam Odil, tsohuwar malamar lakwal. Kowace safiya sai ta zo da sandarta ta zagaya tudun kamar mai duba gonarta. Ba ta iya faɗin sunana, Shebu take ce mini. Ta ce kusan shekara dubu da suka wuce wani mai doki da takobi ya zo ya ce ƙasar nan tasa ce. Ya tara talakawa suka haƙa wani babban rami kewaye, ƙasar da suka fitar suka riƙa zubawa a tsakiya, kwando kwando, har ta zama tudun nan. A bisa ya gina dogon ɗaki na katako, jikokinsa suka mai da shi na dutse. A ƙasa kuma akwai fili da ganuwa ta biyu, nan dawaki da maƙera da rumbuna suke. In yaƙi ya zo, mutanen ƙauye su koro dabbobinsu su shigo, a ɗage gada. A lokacin ramin cike yake da ruwa. Daga baya wani sarki da ya fi su ƙarfi ya zo ya ƙone wurin. Mutanen ƙauye suka riƙa kwasar duwatsun suna gina gidajensu, har ba ko ɗaya da ya rage a bisa, sai tudun, da ramin, da ƙusumbin ganuwa da ciyawa ta rufe.

"Kakanninmu duk ɓarayi ne, Shebu," in ji ta. "Je ka dubi bangon gidana. Kowa a garin nan cikin shato yake kwana."

Na ce mata a wurinmu irin wannan wuri kufai muke ce masa. Ta fiddo ɗan littafi ta rubuta. Sai na tambaye ta abin da ya dame ni tun ranar farko, ko akwai kaburbura a tudun, don a nan nake salla. Ta ce babu, maƙabartarsu na can kusa da coci. Duk da haka sau uku na canza wurin salla.

Ita ta gaya mini dalilin da ya sa aka kawo tumaki. Injin yankan ciyawa yana da nauyi, yana farfasa ƙasar, tunkiya kuwa ƙafarta ba ta ɓarna. Ta kai ni gaban wani allo da aka kafa, ta sa na karanta da bakina.

"Ka gane? Ba a haƙa a nan. Ko cokali ka soka a ƙasar nan laifi ne. Duk abin da ke ciki na tarihi ne."

Na ce na gane, kuma na gane ɗin. Ba zan ce ban sani ba.

Wata bakwai na yi lafiya. Na san tumakin nan ɗaya bayan ɗaya, da fuska. Akwai wata tsohuwa mai baƙin kunne da ke shiga gaba kullum, na sa mata suna Hajiya. Na riƙa lissafin watannin da suka rage. Biyar.

Sai zafi ya zo, irin wanda su kansu suka ce ba su saba gani ba. Ciyawar tudun ta koma launin kara. Meri, wato ofishin magajin gari, ta rufe pampon tsakiyar gari, ta manna takarda. Madam Odil ta tafi wurin ɗiyarta. Ranar Talata da ya kamata Mushe Rene ya kawo ruwa, bai zo ba. Na kira salularsa, tana ƙara ba a ɗauka. Laraba ma haka. Kwamin ruwa ya bushe, tumaki suka riƙa lasar ƙarfensa. Na zuba musu ruwan shana, bai kai ko'ina ba.

Na ɗauki bido biyu na shiga maƙabartarsu, don na taɓa ganin pampo a can. Na yi sallama a bakin ƙofa, ban san ko ana yi musu ba. Na murɗa pampon, iska kawai ta fito. Na dawo cikin gari na tsaya a ƙofar wani gida, na ɗaga hannu zan buga. Sai na ga labule ya motsa. Idan suka ga baƙin mutum a ƙofarsu suka kira jandarma fa? Na sauke hannuna. Gida uku na yi wa haka. Na yi tunanin in kora tumakin in nemi rafi, amma ban san inda yake ba, hanyar kuma cike take da motoci. Idan mota ta buge ɗaya fa, wa za a kira?

Alhamis da hantsi Hajiya ta durƙusa. Ta sa haɓa a ƙasa, harshe a waje, tana dubana. Wanda ya taɓa ganin dabbobinsa suna faɗuwa ɗaya ɗaya a shekarar fari ya san kallon nan. Na ga na Baba sun yi haka, ba ni da abin da zan ba su. Waɗannan kuwa amana ce aka ba ni.

Na sauka cikin tsohon ramin da ya zagaye tudun na bi shi kewaye, a hankali, yadda Baba ya koya mini a kwarin Tarka. Ta arewa, inda inuwar tudun ke daɗewa, na ga wata ciyawa mai tsini da ba ta bushe ba, ƙananan ƙudaje suna yawo a kanta. Na ɗora tafin hannu, ƙasar da sanyi. Na soka sanda na zaro na sansana. Akwai ruwa. Ashe dai sunan bai yi ƙarya gaba ɗaya ba.

Na koma na tsaya gaban allon nan na sake karanta shi tun daga sama har ƙasa, ko zan ga inda aka ce sai dai in dabba za ta mutu. Babu. Na ɗauko shebur.

Na fara yanka ciyawar da saiwarta, faifai faifai, na jera a gefe yadda zan mai da ita. Sannan na haƙa. Ƙasar baƙa ce, mai laushi, da gawayi a ciki da fasassun tukwane. Duk bugu ɗaya sai na ɗaga kai in dubi hanya. Da ramin ya kai mini ƙugu, laka ta fara kama shebur. Da ya kai ƙirji, ruwa ya fara tsatsowa ta gefe, baƙi, sannan ya kwanta ya washe. Na ɗanɗana, ba gishiri. Na riƙa ɗiba da bokiti ina hawa da shi. Hajiya na fara ba, da hannuna, kaɗan kaɗan don kada ta shaƙe. Kafin la'asar ta miƙe.

A bokiti na ƙarshe ne na ji wani abu ya taɓa mini ƙafa cikin laka. Na laluba na fiddo. Ƙashi ne. Na ƙara lalubawa, ga haƙarƙari biyu, ga wani guntu, ga kuma haƙoran tauna guda uku.

Ni makiyayi ne ɗan makiyayi. Na san ƙashin raƙumi, na san na saniya, na akuya, na tunkiya, na jaki, na doki, har na kare. A dajinmu bayan fari ƙasusuwa sun fi itace yawa. Na jujjuya waɗannan, ba na ko ɗaya daga cikinsu ba ne. Na wanke haƙori ɗaya, na sa yatsa cikin bakina na shafa nawa, na shafa shi. Iri ɗaya.

Na tono mutum.

Na rasa yadda zan yi. In mai da shi cikin laka, inda na ɗebi ruwan dabbobi? Bai dace da ɗan Adam ba. Na hau na buɗe jaka, ba ni da wani farin ƙyalle mai tsabta sai rawanin Baba. Na wanke ƙasusuwan, na naɗe su a ciki, na ɗora a kan kanta mafi tsawo a ɗakina, sama da kaina.

Juma'a da safe wani maƙwabcin Mushe Rene ya zo da tankin ruwa. Ya ce tsohon ya faɗi a gidansa, an kwashe shi zuwa asibiti, sai jiya ya farfaɗo, maganarsa ta farko kuma tumaki. Mutumin ya dube su ya ce, "Sun jure fa." Na ce sun jure. Da ya tafi na cike ramin da na haƙa, na daddanna, na mai da ciyawar faifai faifai. Bayan kwana biyu ni kaina sai na duba da kyau nake gane wurin. Ba wanda ya gani. Ba wanda zai taɓa sani.

Kwana tara na yi da ƙunshin nan a ɗaki. Abinci ya ƙi shiga. In na tada salla sai in ji kamar yana bayana, in manta raka'a nawa na yi, in sake. Wane ne shi? Cikin masu ɗaukar ƙasa da kwando ne? Baƙo ne kamar ni, ya mutu nesa da gida aka jefa shi rami? In sake haƙa in binne shi, na ƙara laifi a kan laifi, kuma ban san yadda suke yi wa matattunsu ba, ko ina suke juya musu fuska. A rana ta takwas na kira Agali. Yana gona, ina jin ƙarar mota a bayansa.

"Malam Idan! Kana nan da rai?"

Na gaya masa komai. Ya ce, "Wa ya gan ka?"

"Ba kowa."

"To mi kake so? Ka sa shi cikin leda ka jefa a shara, ka wanke hannunka."

"Agali, mutum ne fa."

"Mutumin da ya mutu tun kafin a haifi kakan kakanka! Shi ya huta. Kai wata nawa ya rage maka?"

"Biyar ba kaɗan."

"To don Allah, don Annabi, ka rufe bakinka wata biyar. In ka samu takarda ka yi masa sadaka da rago. Ka ji ni? Kai, na san ka. Sha'aibu, ban riƙe maka wuyan riga a teku ba don ka je ka kai kanka."

Na ce na ji. Washegari Madam Odil ta dawo, na gan ta tana tahowa da sandarta, sai kawai na ga ƙafafuna sun kai ni gabanta.

"Madam, na yi laifi biyu."

Na faɗa mata na farko. Fuskarta ta yi ja, ta buga sanda a ƙasa, ta ce ba ta nuna mini allo ba? Na ce ta nuna. Ta tambayi tumakin, na ce duk suna nan. Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "To, wannan zai tsaya tsakanina da kai." Sai na shiga ɗaki na ɗauko rawanin na buɗe mata. Ta ga haƙoran, ta dafe baki.

"Shebu, in mutum ne, dole a gaya wa magajin gari. Doka ce. Ba zan iya ɓoye wannan ba."

"Za su binne shi yadda ya kamata?"

"Za su binne shi. Kada ka ji tsoro, zan yi magana, ai kai ka kawo da kanka."

Na san ta yarda da abin da ta faɗa. Ban taɓa riƙe ta a zuciya ba.

Da azahar mota ta tsaya, jandarma biyu suka fito, tare da wata mata mai binciken kayan tarihi. Na nuna musu wurin, suka kewaye shi da igiya. Matar ta sa safar hannu, ta buɗe rawanin a bayan mota, ta ɗauki haƙori ɗaya ta duba. Ko minti ɗaya ba ta yi ba sai ta yi murmushi.

"Wa ya ce mutum ne? Alade ne."

Na ce, "Madam?"

"Alade. Haƙoransa na tauna suna kama da namu, mutane da yawa suna ruɗewa. Mutanen shato sun ci shi, suka jefa ƙashin a rami. Nan ne jujinsu."

Ƙaramin jandarman ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Ni kuwa rawanin Baba nake kallo. Kwana tara. Sama da kaina. Na yi salla a ƙarƙashinsa, har addu'a na yi masa.

Matar ta ce ɓarnar ba ta da yawa, har ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya mai da ciyawa da kyau haka ba. Na fara jin kamar abin zai wuce. Sai babban jandarman ya buɗe littafinsa, ya ce tunda an kira su dole ya rubuta. Ya yi mini magana da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba.

"Mushe, sunanka? Ba ni takardunka."

Madam Odil ta shiga tsakani, ta yi magana har muryarta ta dushe. Ta ce yaron nan ya ceci garke guda, ta ce shi ya kawo kansa, ta ce ita ta koyar da shi jandarman karatu yana ƙarami. Ya ce ya sani, Madam, amma ya riga ya tambaya. Na roƙi abu ɗaya, su bari in cika wa tumaki kwami kafin mu tafi. Suka bari. Hajiya ta biyo ni har bakin shinge.

Mako biyar na yi a gidan da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Mushe Rene ya aiko da takarda daga gadon asibiti, an ce ta zo a makare, kuma shekarar ba ta cika ba. Madam Odil ta zo sau ɗaya, ta shiga jirgin ƙasa biyu kafin ta iso. Ta miƙo mini leda. Rawanin ne, a wanke, a goge.

"Sau nawa ake wankewa a addininku?" in ji ta. "Ban sani ba, sai na yi ta wankewa. Amma ƙasar ta ƙi fita."

Gaskiya ne, akwai tabo ruwan ƙasa a tsakiyarsa, kamar faɗin tafin hannu. Ta ce tumaki suna lafiya, ko ɗaya bai mutu ba. Ta ce ta rubuta kalmar nan tawa, kufai, a cikin littafin da take yi na tarihin garinsu. Sai ta fara kuka, ni na riƙa ba ta haƙuri.

Tafiyar da ta ci mini shekara biyu da rabi, jirgin sama ya mai da ni cikin yini ɗaya. Daga Yamai na hau mota. Abu na farko da na hango da muka kusa Dakoro shi ne shaton garinmu, a bisa ƙafafunsa, na kau da kai.

Inna ba ta tambaye ni tsaraba ba. Ta shafa fuskata ta ce na rame. Na kai rawanin wurin limamin unguwarmu na faɗa masa duka. Ya saurara har ƙarshe bai yi dariya ba, Allah Ya saka masa.

"Allah gafarta Malam, sallolin nan na kwana tara fa?"

"Sun yi. Ba a jikinka yake ba, kuma ba ka sani ba."

"Rawanin fa?"

"An wanke, ya tsarkaka. Tabon ƙasa ne kawai. Ka naɗa abinka ka zo Juma'a."

Na yi godiya. Duk da haka na rama sallolin, rawanin kuma yana ƙasan jaka, har yau ban iya naɗa shi ba.

Yanzu ina taya wani dillali kora dabbobi ranar kasuwa. Watan jiya Agali ya kira ni daga Italiya. Labarin ya riga ya kai masa, tun kafin in gama sallama yake dariya.

"Malam Idan! Mai yi wa alade likkafani! Wallahi duk gonar nan an san ka." Ya yi ta dariya har ya gaji, sannan muryarsa ta sauka. "Kai dai ka cuce ni. Hamada, teku, duwatsu, duk a kan ƙashin alade. Da ka yi shiru, da yanzu takarda na aljihunka."

Ni ma na yi wannan tunanin fiye da yadda zan iya ƙirgawa, ina kora shanun mutane cikin rana. Amma duk inda na bi da shi, wuri ɗaya yake dawo da ni.

Na ce, "Agali, idan mutum ne fa?"

Na jira ya yi dariya, bai yi ba.